Gwajin da Na Hana a Goge

Ran Talatar da ta wuce, a shagon da nake koya muku aikin manhaja a Bebeji, ɗayanku ya kashe wani gwaji. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Na ba shi ɗan gyara a cikin manhajar ɗakunan haihuwa da nake kula da ita, ya taɓa kod, rubutun da manhajar ke aiki da shi, gwaji ɗaya ya yi ja, alamar an fasa wani abu. Ya duba bai gane abin da gwajin yake karewa ba, sai ya sa masa alamar tsallakewa, allo ya koma kore, ya tashi ya tafi sayen awara. Da na tambaye shi, ya ce wai tsohon gwaji ne, Baba, babu wanda ya san amfaninsa. Na yi faɗa ranar har mai shayin bakin ƙofa ya leƙo. Na ji kuna raɗa cewa tsufa ne ya fara taɓa ni. To, ga amfaninsa nan na rubuta muku, tunda kun fi yarda da abin da kuka karanta a allo fiye da abin da babba ya faɗa da baki.

Kuna ganin sana'ar nan sauƙi gare ta, kuma ban ga laifinku sosai ba. Kun tarar da sola a kan rufi, kun tarar da sabis har cikin ɗaki, ga kuma na'urar da za ku gaya wa abin da kuke so ta zubo muku kod kamar famfo. Ni da na fara, laftof ɗina ba ta da batir, igiyarta ce ranta. Idan janareton mai aski na maƙwabtanmu ya yi tari, aikin rabin yini ya tafi. In zan aika aiki Kano sai na ɗauki modem na hau tudun bayan makarantar firamare, na tsaya da laftof a hannu ina jira, yara suna kallona kamar mai neman wata. Amma duk wannan wahalar jiki ce, kuma ta wuce. Wahalar da ke cikin aikin kansa tana nan yadda na same ta.

Aikin farko da na yi a hannun maigidana, Malam Tanimu, manhajar sakamakon jarrabawa ce ta wata makarantar kuɗi a Kiru. Malam Tanimu ɗan tela ne, ya yi karatun kwamfuta a kudu, ya dawo gida ya buɗe ɗan shago kusa da kasuwar hatsi. Ya ba ni ɓangaren da zai jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Na zauna na rubuta shi a zama guda, na juya masa allo ina jiran yabo. Ya duba, ya sa yatsa ya goge duka, ban ma adana ba. Ya ce in fara rubuta masa abin da nake so kod ɗin ya yi, kafin in rubuta kod ɗin. Ga ɗalibai uku, ga makinsu, wa ya kamata ya zo na ɗaya? Na rubuta wannan a matsayin ɗan ƙaramin gwaji, na kunna, ya yi ja, domin babu kod ɗin da zai amsa masa. Na ce, Malam, ai dole ya yi ja, ba mu rubuta komai ba. Ya ce shi ya sa yake so in gani da idona. Sai ya bar ni na rubuta layukan da za su mai da shi kore, iyakarsu ke nan, ko layi ɗaya bai bari na ƙara ba.

Daga nan ya fara jefo tambayoyi yana ɓare gyaɗa. Idan biyu suka yi kunnen doki fa? Na rubuta gwaji, ya yi ja, na gyara. Idan yarinya ba ta zo jarrabawar lissafi ba saboda zazzaɓi, sifili za ka ba ta, ko babu? Na rubuta, ya yi ja, na gyara. Idan duka ajin mutum ɗaya ne? Haka muka wuni. Duk sanda allo ya yi kore sai ya ce in share ƙazantar da na bari a kod, in sake kunna gwaje-gwajen duka, in tabbatar ban fasa komai ba. Ja, kore, shara, a sake. Ya ce babansa bai taɓa sa almakashi a yadin mutum ba sai ya auna mutumin, kuma shi bai ga dalilin da zai sa ɗan tela ya fi babansa gaggawa ba.

Abu ɗaya ya fi tsananta a kai, kuma shi ne abin da kuka fi raina wa. Bai yarda da gwajin da aka rubuta bayan an gama kod ba. Ya ce mai rubuta irin wannan gwaji kod ɗinsa yake kallo, yana tambayarsa abin da ya riga ya san zai amsa. Kuma gwajin da bai taɓa yin ja a gabanka ba, ba ka san ko yana gani ba ko makaho ne. Na yi shekaru a ƙarƙashinsa, ban taɓa jin ya ce aikina ya yi kyau ba. In ya gamsu sai ya miƙo mini gyaɗa.

Masu ba mu aiki kuwa ba su taɓa son jin zancen gwaji ba, har yau. Akwai wani Alhaji mai sayar da maganin feshi a Ɗansoshiya da na yi wa ƙaramar manhaja, manomi ya faɗi girman gonarsa, yaron shago ya danna, ta faɗi yawan maganin da za a zuba a kowace jarkar feshi. Wata damina ya kawo sabon maganin ciyawa, ya ce in ƙara shi yau-yau, layi ya cika a ƙofar shago. Na ƙara, sai wani tsohon gwaji na maganin tsutsar masara ya yi ja. Gyaran da na yi ya ninka awon tsohon maganin, da ya fita haka da an ƙone gonakin mutane. Na kwana biyu ina warware shi. Alhaji bai san an yi haka ba, abin da ya sani shi ne na ɓata masa kasuwa, kuma ya gaya wa duk wanda ya tambaye shi cewa Injiniya Sabo ya iya aiki amma nawa gare shi. Sunan ya bi ni har Tudun Wada.

Yanzu ga shekarar da nake so ku ji. Malam Tanimu ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wani kamfani a Kano, wanda ba ya nan yanzu, ya ɗauke ni aikin kwantiragi in riƙa kula da wata manhaja da ya girka a ƙananan asibitocin karkara na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ba ni na rubuta ta ba, waɗanda suka rubuta sun gama sun kama gabansu. Aikinta mai kyau ne. Idan mace ta haihu, unguwarzoma za ta shigar da bayanin jariri a kwamfutar hannu: sunan uwa, ƙauye, lambar wayar maigida, ranar haihuwa, namiji ko mace, suna, da nauyi. Bayanin ya tafi babbar kwamfuta a Kano. In nauyin jariri bai kai ba, sai manhajar ta tura saƙo ga ma'aikaciyar lafiya mai zagaye gida-gida a wannan yanki, ta je ta duba shi tun kafin kwana uku, ta ga ko yana kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi, ko shawara ta kama shi. Unguwarzoma ba ta barin ɗakin haihuwa, mai zagaye kuma ba ta zuwa gidan da ba a turo ta ba, don gidajen sun fi ƙarfin ƙafarta.

Akwai wani ɓangare a manhajar da ya kamata ku gane. Sabis a wajen Doguwa, musamman da damina, zuwa yake yana ɗaukewa. Unguwarzoma ta danna aikawa, ba ta ga ya tafi ba, ta sake dannawa, ta sake. Sai jariri ɗaya ya isa Kano sau uku. Don haka aka rubuta kod mai tace maimaici: in bayani biyu suka zo da uwa ɗaya, rana ɗaya, jinsi ɗaya, suna ɗaya, to mutum ɗaya ne, a riƙe na ƙarshe a matsayin gyara, a jefar da na farko. Dabara ce mai ma'ana. Tana da gwaje-gwajenta, an rubuta su bayan kod, dukansu kore shar.

A tsakiyar daminar nan manajanmu, Nafi'u, ya kira ni ofishinsa. Ya ce an samu rasuwar jariri a wani ƙauye bayan Doguwa. Matar wani manomi, Malam Iliya, ta haifi tagwaye maza a ɗan asibitin yankin. Na farkon ƙarami ne ƙwarai, kamar bakwaini, na biyun kuwa lafiyayye. An sallame su, ba wanda ya je duba su, ƙaramin ya rasu kafin ranar suna. Da aka bincika a Kano, jariri ɗaya aka gani a rubuce, mai cikakken nauyi. Unguwarzomar, Malama Saude, ta rantse ta shigar da su biyun. An kafa kwamiti, kuma abin da ke gabansa shi ne ko ita ce ta yi sakaci ko manhaja ce ta yi kuskure. In ita ce, aikinta ya tafi, shekara da shekaru tana karɓar haihuwa a wannan yanki. Nafi'u ya ce in duba in tabbatar masa manhajarmu lafiya take. Na ce zan duba dai.

Na yi yadda aka koya mini. Kafin in taɓa kod, na rubuta gwaji: uwa ɗaya, rana ɗaya, maza biyu, Hassan mai ƙaramin nauyi, Hussaini mai cikakken nauyi. Abin da nake sa rai: a ga jarirai biyu, a tura saƙo saboda Hassan. Na kunna. Kore. Na juya su, na fara shigar da Hussaini. Kore. Na yanke sabis a tsakiya, na aika sau uku-uku. Kore, jarirai biyu, saƙo ya fita. Duk ta inda na ɓullo masa, kod ɗin yana amsa daidai.

Hankalina bai kwanta ba, domin gwajin bai taɓa yin ja ba, kuma ga yaro a kabari. Ko dai matar ƙarya take yi, ko kuma gwajina bai yi kama da abin da ya faru a ɗakin nan ba. Ina cikin wannan tunani Nafi'u ya shigo ya tsaya a bayana. Ya ga layuka kore sun jeru, ya ga sunan gwajin tagwaye a kai, ya ɗaga waya ya ɗauki hoton allon. Na ce masa ban gama ba, wannan bai tabbatar da komai ba tukuna. Ya ce kore ai kore ne, Injiniya, kai kanka ka rubuta. Ya ce masu ba da tallafi suna dab da sabunta kwangila, ba zai shiga gabansu da wataƙila ba. Washegari hoton yana gaban kwamiti. Kafin mako ya fita an dakatar da Malama Saude, an karɓe kwamfutar hannunta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da gwajina aka yi mata shaida.

Ban nemi izinin kowa ba. Na ɗauki laftof da wata kwamfutar hannu irin tata, na hau bas zuwa Tudun Wada, na canza mota ta ratsa daji zuwa Doguwa, daga nan ɗan acaɓa ya ɗauke ni. Ruwa ya cinye hanya, wuri biyu sai da muka sauka muka tura babur, masara ta fi mu tsawo hagu da dama. Na iske ɗakin haihuwar a kulle. Aka nuna mini gidanta. Mijinta ya karɓe ni a zaure, muka gaisa, na faɗi ko ni wane ne da inda na fito, fuskarsa ta canza amma ya shimfiɗa mini tabarma ya kira ta.

Dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta gaishe ni a ladabce, ta zauna daga bakin ƙofa. Ta ba ni labarin ranar ba tare da na matsa ba. Ta ce da ta ɗora na farkon a sikeli ta ga nauyinsa bai kai ba ko kusa. Ta ce wa Malam Iliya a wuce da su babban asibiti, ya ce rafi ya kawo, mota ba ta shiga, kuma mai jego ba za ta iya babur da jarirai biyu ba. Ta koya wa uwar ta riƙa ɗaure shi a ƙirjinta, ta kuma ce musu kada su damu, jibi ma'aikaciya za ta zo har gida, na'ura za ta turo ta. Da wannan alkawarin ta sallame su.

Na miƙa mata kwamfutar hannun, na ce ta yi haƙuri ta shigar da su yadda ta yi ranar, kada ta canza komai. Ta karɓa, ta rubuta sunan uwar da ƙauyen da lambar maigidan, ta zaɓi namiji. Da ta zo gurbin suna ta rubuta Jariri. Ta sa nauyin, ta adana. Ta buɗe sabon shafi, ta sake cike komai, ta zo gurbin suna, ta sake rubuta Jariri.

Na ce, “Malama, me ya sa ba ki sa Hassan da Hussaini ba? Ai tagwaye ne, kowa ya san sunansu.”

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, “Injiniya, ni zan raɗa wa ɗan mutane suna kafin ubansa? Ba a yi huɗuba ba, ba a yanka rago ba. Gurbin ba ya yarda a bar shi fayau, shi ya sa muke sa Jariri, in an yi suna mu gyara. Kowa haka yake yi.”

Kowa haka yake yi, kuma ni ma na sani. A gidanmu aka haife ni, ban da suna sai da na kwana bakwai, haka 'ya'yana. Amma da na zauna a ofis a Kano zan ƙirƙiro tagwaye na gwaji, hannuna da kansa ya rubuta Hassan da Hussaini, kamar yadda hannun kowane Bahaushe zai rubuta. Waɗanda suka yi manhajar ma 'yan gida ne, kuma duk jariran da ke cikin gwaje-gwajensu an haife su da sunayensu a baki.

A nan kan tabarmar na buɗe laftof. Kalma biyu na canza a gwajin, na goge Hassan na sa Jariri, na goge Hussaini na sa Jariri. Na kunna. Ya yi ja. Layin da ke ƙasa ya ce ana sa ran biyu, an samu ɗaya. Uwa ɗaya, rana ɗaya, jinsi ɗaya, suna ɗaya: kod ya ɗauka maimaici ne, ya jefar da na farko, ya riƙe na biyu a matsayin gyaran nauyi. Ƙaramin aka fara haifa, shi aka fara shigarwa, ƙaninsa ya zo ya hau kansa. Da lafiyayyen ne ya fara fitowa, da saƙo ya tafi, da ma'aikaciya ta je. Na juya mata allon na yi mata bayani a hankali. Ta daɗe tana kallon jan layin. Ba ta yi kuka ba, ta ce Alhamdulillahi, sannan ta tambaye ni ko zan ci abinci kafin in kama hanya.

Gyaran kansa bai kai komai ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Na sa kowane sabon shafi ya samu lambarsa tun a kwamfutar hannu, lokacin da unguwarzoma ta buɗe shi. In ta danna aikawa sau goma, lamba ɗaya ce ta tafi sau goma, a haɗe su. In ta buɗe shafi na biyu, lamba ta biyu ce, ko da komai nasu iri ɗaya ne. Kafin in rubuta shi na jera gwaje-gwaje: tagwaye mata marasa suna, 'yan uku, tagwayen da aka aika kowanne sau biyu cikin yankewar sabis. Na ga kowanne ya yi ja da idona, sannan na mai da su kore ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin Azahar da La'asar na gama.

Sai na yi abin da Nafi'u bai sa ni ba. Babbar kwamfutar tana ajiye tarihin duk abin da aka jefar, don haka na bi baya tun daga ranar da aka girka manhajar, ina neman wuraren da nauyin jariri ya canza a rana ɗaya a ƙarƙashin sunan Jariri. Na samu a Kiru, na samu a Bebeji, na samu a wani ƙauyen masunta kusa da Bagauda. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Tagwayen da suka zo namiji da mace su ne suka tsira, don jinsi ya raba su. Na maza biyu da na mata biyu kuwa duk an haɗe su. Wasu muka bi muka tarar da yaran biyu suna rarrafe, Allah ya raya su ba da taimakonmu ba. Wasu lambar wayar ta daina shiga.

Nafi'u ya so a tura gyaran shiru, a rubuta shi cikin jerin ƙananan gyare-gyaren wata. Ya ce yaron ya riga ya tafi, tonawa ba za ta dawo da shi ba, kuma in kwangila ta faɗi asibitocin nan duka za su koma babu komai. Ban ce maganarsa ba ta da kan gado ba. Na ce masa akwai mace a zaune a gida da laifin da ba nata ba, kuma hoton gwajina ne ya zaunar da ita. Na je gaban kwamitin da kaina, na kunna musu tsohon kod da gwajin, ya yi ja, na kunna sabo, ya yi kore. Sun gane, ko kuma sun gane isasshe. Kamfanin bai sabunta kwantiragina ba. Bayan shekara shi ma ya rushe, manhajar ta yi ta yawo hannu-hannu har ta dawo wurina, don babu wanda ya san cikinta kamar ni.

Kwamiti irin wannan ba ya sauri. Sai bayan an yi girbi aka janye dakatarwar. A tsakanin nan magana ta riga ta zaga ƙauyuka, a wajen suna da biki da bakin rijiya, cewa Saude ce ta manta da ɗan Iliya, har hukuma ta kore ta. Na koma da kaina, mai unguwa ya tara dattawa a ƙofar gidansa, Malam Iliya yana zaune a gefe. Na yi bayani iya iyawata, ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Ina magana ina ganin fuskokinsu. An ce mutum ya manta, wannan kowa ya san shi. An ce na'ura ta haɗe yara biyu don ba su da suna, wannan ya yi musu kama da ma'aikaci ya zo rufa wa 'yar'uwarsa asiri.

Da na gama, Malam Iliya ya ce Allah ne ya ba shi, shi ya karɓa, kuma bai riƙe kowa a zuciya ba. Sannan ya ce, “Amma Malam, in na fahimce ka, da ta rubuta da biro a takarda kamar da, da yarona yana nan a rubuce?”

Na ce, “Da yana nan.”

Ya gyaɗa kai. Haihuwar matarsa ta gaba a gida aka yi.

Malama Saude ta koma bakin aiki. Ta share ɗakin, ta wanke sikeli, aka ba ta sabuwar kwamfutar hannu mai gyararriyar manhaja. Mata ba su zo ba. Waɗanda ta karɓi haihuwarsu su da kansu, yanzu 'ya'yansu suna naƙuda a ɗaka, ana kiran tsohuwar unguwa. Ta yi watanni tana buɗe ƙofa da safe tana rufewa da yamma, sannan ta ajiye aikin. An turo wata yarinya daga birni, ba ta jima ba ta nemi canji. Rabona da wurin an daɗe, amma wanda ya je bara ya ce mini buhunan taki ake ajiyewa a ɗakin.

Wannan shi ne gwajin da ɗan'uwanku ya tsallake ran Talata. Na duba abin da ya canza: yana son rage nauyin bayanan da ake aikawa, sai ya cire lambar shafin, don a ganinsa suna da rana sun isa su bambanta mutum. Gwajin ya yi aikinsa, ya yi ja, shi kuma ya rufe masa baki. Da ban duba ba, da ranar Juma'a gyaran ya tafi asibitocin da suka rage. Kuna ce mini na'urarku tana rubuta gwaji ɗari kafin in gama shan shayi. Na gwada ta. Na ce ta rubuta mini gwajin tagwaye a ƙasar Hausa, ta rubuta da kyau, ta sa musu Hassan da Hussaini. Abin da ke faruwa a ɗakin haihuwa ranar farko ba ya cikin kod, ba ya cikin na'ura, sai wanda ya je ya zauna a tabarma ya ce a nuna masa. Gobe da safe wanda ya kashe gwajin zai kunna shi a gabana, ya ga jan da idonsa, ya mai da lambar da ya cire. Sauranku kuma za ku tsaya ku kalla.

Na sake ganin Malama Saude sau ɗaya, a tashar Tudun Wada, ranar kasuwa. Ta tsufa, tana jiran motar Doguwa da ƙullin atamfofi, su take saro wa matan ƙauye yanzu. Ita ta fara gane ni. Muka gaisa, na tambayi maigidanta da yara, ta tambayi aiki. Ta ce yaron Malam Iliya ya shiga makarantar allo, Hussaini suke kiransa, kuma duk baƙon da ya ji sunan sai ya tambaye shi ina Hassan ɗinsa. Kwandasta ya fara kiran fasinja, ta ɗauki ƙullinta, sai ta tsaya.

Ta ce, “Injiniya, abin naku, yanzu in aka haifi tagwaye nawa yake gani?”

Na ce, “Biyu, Malama.”

Ta ce, “To, madalla. Ni ma ranar biyu na rubuta.”

Ta shiga mota.